Wanda Ya Fita Zakka: Dalilin Da Masu Wasa Ke Son Elf Ɗan Gidan Miyagu

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ba a fara shi da harbi ko buga ƙwallo. Kafin ka taka ko'ina sai an zaunar da kai ka ƙera wanda za ka zama: jinsinsa, sana'arsa, launin idonsa, har tabon da ke kumatunsa. Daga nan ka shiga rigarsa ka kama yawo a wata duniyar almara kana yanke shawara a madadinsa. A shagunan gem na Gusau ba wannan ke cika benci ba. Can ƙwallo ce sarauniya, a waya kuma Free Fire da Call of Duty. Masu wasan shiga-riga 'yan tsiraru ne, galibi ɗaliban jami'ar tarayya da na kwalejin Ƙaura Namoda masu laftof, waɗanda ke kwafar wasa daga hannu zuwa hannu. To ko a cikin 'yan tsirarun nan za ka tarar da abin da aka daɗe ana gani a ƙasashen da aka ƙirƙiro wasannin: in an jera wa mutum jinsuna ya zaɓa, sau da yawa hannunsa kan zarce kan elf ɗin da danginsa suka yi ƙaurin suna.

Elf, ga wanda bai saba ba, halitta ce daga tatsuniyoyin arewacin Turai. Kamar mutum yake, sai dai ya fi siranta, kunnuwansa masu tsini, kuma yana shekara ɗaruruwa bai tsufa ba. Siffarsa da ta fi yaɗuwa ita ce wadda mutane suka tsinta daga littattafan J.R.R. Tolkien na shekarun 1950: mai hikima, mai waƙa, mazaunin kurmi, ma'abocin kwari da baka. Kusan kowane babban wasa yana da wannan mai tsabta, sannan yana da ɗan'uwansa da ya lalace. A Dungeons & Dragons sunansa drow. A jerin Elder Scrolls sunansa Dunmer. A World of Warcraft ana ce masa elf na jini, a Warhammer kuma Druchii.

Drow ne babbansu, don haka da shi za a fara. Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kuma asalinsa ba wasan kwamfuta ba ne. Tebur ne da takarda da fensir da ƙwayar ludo mai fuska 20, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa na faɗin abin da jaruminsa zai yi. A 1977 aka fara ambaton drow cikin 'yan layuka, kamar jita-jita. A 1978 Gygax ya fito da su sarari a matsayin miyagun da ke zuga ƙattai daga ƙarƙashin ƙasa. Don a kashe su aka yi su, ba don a zama su ba. Sai a 1985 dokokin wasan suka yarda mai wasa ya ɗauki drow.

A dubi irin gidan da aka ba su. Birninsu mafi suna, Menzoberranzan, yana cikin wani ƙaton kogo inda rana ba ta taɓa leƙawa. Abar bautarsu Lolth ce, sarauniyar gizo-gizo (yaran da na sani sun laƙaba mata Ƙoƙi), kuma abin da take so shi ne 'ya'yanta su yi ta cin dunduniyar juna. Mata ke mulki, maza bayi ne masu ɗan gata. Gidajen sarauta a jere suke daga na ɗaya zuwa ƙasa, takwas na sama su ne majalisa, kuma hanyar hawa ita ce ka shafe gidan da ke gabanka a dare ɗaya. Dokar ba ta hana ba. Abin da ta hana shi ne ka bar mai shaida: in ɗan sarauta ko ɗaya ya tsira ya kai ƙara, gidanku za a shafe. Ɗa namiji na uku yanka shi ake yi wa Lolth. Wanda ya faɗi jarrabawarta ta mayar da shi rabi elf rabi gizo-gizo. Ga cinikin bayi, ga guba a cikin abinci. Babu wani kusurwa da aka bari inda mutum zai ce a nan dai akwai ɗan alheri.

Sai 1988, marubuci R.A. Salvatore ya saka wani drow mai suna Drizzt Do'Urden a littafinsa na farko. Ɗan rakiya aka nufe shi da zama, mai taya wani jarumin, sai ya ƙwace labarin. A 1990 aka ba da tarihinsa: shi ne ɗa na uku, har an shirya wuƙa, sai wani yayansa ya kashe babban wansu a daren da aka haife shi, ya koma na biyu, ya tsira. Kisan kai ne ya ba shi rai. Ya girma ya ga abin da gidansu ke yi, ya ƙi, ya gudu ya fito doron ƙasa, inda hasken rana ke ƙona masa ido kuma kowace ƙofa ake rufe masa saboda fatarsa.

Abin da ya biyo baya ya zama abin barkwanci a tsakanin masu wasan har yau. Tebur bayan tebur, sai ga wani ya zo da drow mai kirki, ɗan tawaye, mai takobi biyu, wanda ya baro danginsa. Suka yi yawa har ana tambaya, to wa ya rage a Menzoberranzan yana muguntar? Wasu masu ba da labari suka riƙa hana shi a teburinsu don gajiya.

A cikin wannan barkwancin amsar take. Masu wasa ba su ruga su zama matsafan Lolth masu yanka jarirai ba. Sun ruga su zama wanda ya ƙi yankawa. Akwai wata shaida daga wani wasa daban: a 2020 wani tsohon ma'aikacin kamfanin BioWare, John Ebenger, ya ce kusan kashi 92 cikin ɗari na masu wasan Mass Effect hanyar kirki suka bi, duk da wahalar da aka sha wajen gina hanyar mugunta. Mutane na son a ce akwai ƙofar sharri a buɗe, amma kaɗan ne ke shiga. Saboda haka duk bayanin da ya tsaya kan cewa matasa na son sharri ne, ko wasan na fito da baƙin cikinsu, bai kama bakin zaren ba.

Abin da suke nema shi ne kirkin da ke da tsada. Ɗauki elf mai tsabta. Ubansa nagari, kakansa nagari, garinsu kowa nagari. In ya ceci maraya me ya yi? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba shi da abin da zai yanke, gado kawai ya ci, kuma wasan da aka gina kan yanke shawara ba shi da abin yi da wanda an riga an yanke masa. Drow kuwa in ya ceci marayan nan ya saɓa wa uwarsa, ya saɓa wa abar bautarsa, ya sa kansa a bakin wuƙa, sannan ƙauyen da ya ceto wa yaron ba lallai su ba shi ko ruwan sha ba. Aiki ɗaya ne, amma a hannun ɗaya al'ada ce, a hannun ɗayan labari ne. Kuma mai wasa bai sha wahalar ƙirƙiro komai ba. Da ya danna sunan jinsin an ba shi abokan gaba, an ba shi abin kunya, an ba shi dalilin barin gida, an ba shi tambayar da za ta bi shi har ƙarshe: abin nan yana cikin jinina ko babu? Wanda ya zaɓi mutum manomi sai ya zauna ya tsara duk wannan da kansa, kuma yawancinmu ba marubuta ba ne.

Na biyu, wanda ni a ganina bai gaza na farko ƙarfi ba: duniyar wasan tana ganinka. Babban abin da ke kashe wa mai wasa gwiwa shi ne ya ɓata lokaci yana ƙera jarumi sannan kowa a wasan ya yi masa magana kamar yadda zai yi wa kowa. Jinsin da ake tsoro ba ya samun wannan. A Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a watan Agustan 2023 kuma ya ci kambun wasan shekara, akwai sansanin wasu ƙananan miyagu da ake kira goblin. Mai wasa da mutum ko elf na kurmi sai ya yi ƙarya, ko barazana, ko faɗa kafin ya wuce masu gadi. Drow kuwa da sun hango shi sai jiki ya ɗauki ɓari, su buɗe hanya suna fadanci, domin a saninsu irinsa ne ke ba da umarni. Can gefe guda talakawan da ka zo taimako suna ganinka suna jan 'ya'yansu. Duka biyun daɗi ne ga mai wasa. Ana tsoronka, ana zarginka, amma ba a taɓa wuce ka kamar ba a gan ka ba.

Na ga yadda wannan ke kama mutum a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Wasannin da ke buƙatar intanet duk suka mutu, masu laftof suka koma kan tsofaffin da ba sa buƙata. Ɗan yayata, wanda a lokacin yake jiran sakamakon jarrabawa, ya samo Skyrim na 2011, ɗaya daga jerin Elder Scrolls, ya ɗauki Dunmer, mai fata launin toka da jajayen idanu. Ina zaune kusa da shi ya shiga birnin Windhelm karon farko. Kana shiga ƙofar, kafin ka yi komai, za ka tarar da 'yan gari biyu sun tare wata mata Dunmer cikin dusar ƙanƙara suna zaginta: kun zo kun cinye mana abinci, kun ƙi taya mu yaƙi, wataƙila ma 'yan leƙen asiri ne ku. Mutanenta 'yan gudun hijira ne, dutse mai aman wuta ya cinye ƙasarsu, an cusa su a wata unguwa mai rusassun gidaje a gefen birni. Yaron ya saki linzamin kwamfutar ya juyo.

"Kawu, ka ji mi sunka ce mata?"

Na ce na ji.

"Wallahi wanga gari sai na zama babba cikinai. Sai sun gaishe ni."

Ya bi ɗaya daga cikin mutanen nan ya ƙalubalance shi dambe, ya lallasa shi. Na bar shi ya gama murna, sannan na ce ya gangara tashar jiragen ruwa ya ga inda matar take aiki. Ita ce mai kula da leburori a wani kamfanin jigila, leburorin kuwa Argonian ne, masu siffar ƙadangare, waɗanda ko kwana a cikin ganuwa ba a yarda su yi ba. A littafin aikinta ta rubuta yadda take horar da su da yunwa. Kuma kakanninta sun shafe ƙarnuka suna kama kakannin leburorin nan suna sayarwa. Ya karanta, ya yi shiru, ya ce, "To ita ma ashe muguwa ta." Bai canza jinsi ba. Sai ma ya ƙara riƙe shi, ya shiga neman yadda za a ƙara wa leburorin lada, wanda wasan ya tanadi hanyarsa.

Wannan shi ne abin da elf mai tsabta ba zai taɓa ba ka ba: a zalunce ka da safe, da yamma ka gano naku zaluncin.

Kada dai a ɗauka duk dalilan masu daraja ne. Akwai kyau. Orc ma ɗan gidan miyagu ne, goblin ma haka, amma ba a yi musu rububin da aka yi wa drow ba, domin su an zana su da haure da ƙoƙon kai kamar tukunya. Drow kuwa farin gashi har baya, jiki kamar an zana. Kamfanin Blizzard ya gwada wannan a fili. Da World of Warcraft ya fito a 2004, an raba masu wasa ɓangare biyu masu gaba da juna: ɓangaren Horde orc ne da troll da masu kan sa da gawawwaki masu tafiya, kuma a wurare da dama ɓangaren Alliance ya fi shi jama'a. A Janairun 2007 aka ƙara wa Horde elf na jini. Labarinsu ba mai daɗi ba ne: an kashe tara cikin goma na al'ummarsu, an lalata rijiyar sihirin da suka dogara da ita, suka wayi gari da ƙishirwar sihiri irin ta ɗan ƙwaya, har suka kama wata halitta mai tsarki suka ɗaure a ƙarƙashin birninsu suna tatsar haskenta. Ba a daɗe ba suka zama jinsin da aka fi ɗauka a Horde. Nawa ne suka zo don labarin, nawa ne don fuskar? Ni dai ban yarda labarin ne ya kawo mafi yawa ba. Alƙaluman da Larian ta fitar bayan makon farko na Baldur's Gate 3 ma sun nuna haka ta wata fuskar: rabin-elf da mutum da elf ne a sama, wani jinsi da ake kira Githyanki masu ɗan guntun hanci kuwa, duk da su ma 'yan gidan mugunta ne masu labari mai nauyi, suna can ƙasa. Ana son tabo, amma a kan kyakkyawar fuska.

Akwai kuma ƙarfi. A dokokin Dungeons & Dragons na 2014 drow na gani cikin duhu har ƙafa 120, ninkin na sauran elf, kuma da sihirinsa ake haifarsa. Abin da aka ɗora masa a madadi shi ne rana: in yana cikin haskenta hannunsa ba ya saiti, idonsa ba ya gani sosai. Baldur's Gate 3 ya cire wannan, dokokin 2024 ma suka cire. Ba a ji masu wasa sun yi zanga-zanga ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu fiye da yadda ta shafi yaron da ke wasa a Jamus. Me ya sa elf mai kirki fari ne, mugun kuma baƙi? Abin ya girmi wasannin. Tun wajen 1220 Snorri Sturluson na ƙasar Aisland ya rubuta cewa akwai elf na haske da suka fi rana kyau, akwai na duhu a ƙarƙashin ƙasa da suka fi kwalta baƙi. Masu ƙera wasanni suka ɗauka suka ƙara gishiri. A tarihin da aka ba drow, korarsu aka yi daga cikin 'yan'uwansu bayan sun ci amana. A na Dunmer ma abin a fili yake: da fatarsu ruwan zinariya ce, shugabanninsu suka karya alkawari, wata abar bauta mai suna Azura ta la'ance su, fata ta koma toka, ido ya koma ja. Duhun fata a matsayin hukuncin laifi. Wanda ya san yadda aka yi amfani da irin wannan tatsuniya a kan baƙar fata a zamanin cinikin bayi ba ya buƙatar a yi masa tafsiri. Masu kare wasan kan ce ai baƙin drow ba irin namu ba ne, na gawayi ne ko shuɗi-shuɗi, gashinsu fari, fuskarsu ba ta Afirka ba. Gaskiya ne. Amma an sha zana su da launin ƙasa-ƙasa a bangon littattafai, kuma jinsin da aka ce mata ke mulkinsa shi ne aka ce ya fi kowa lalacewa. Abu biyu a gida ɗaya ya wuce a ce tsautsayi.

Abin mamakin shi ne wannan bai kori baƙaƙen masu wasa ba, da yawa ma shi ya jawo su. Shekara da shekaru, in kana son elf wanda ba fari ba, drow ne kawai a kan tebur. Kuma labarin wanda ake yanke wa hukunci tun daga nesa, kafin ya buɗe baki, ba baƙo ba ne a wurinsu. Ba baƙo ba ne a wurinmu ma. Ɗan Zamfara da ya je bautar ƙasa kudu, ko ya nemi ɗakin haya a Abuja, ya san ɗan shirun da kan biyo bayan an tambaye shi jiharsa. Bafulatanin da bai taɓa riƙe abin da ya wuce sanda ba ya san irin kallon da ake yi masa a tasha. An yi wa kowa kuɗin goro. Mutumin da ke rayuwa cikin wannan in ya samu wasan da ƙarshensa garin da ya rufe masa ƙofa zai fito ya tarbe shi, ba sai an tambaye shi dalilin zaɓinsa ba.

Sai dai a nan nake da ja da labarin Drizzt, duk da shi ya buɗe ƙofar. Wanda ya fita zakka ba ya wanke danginsa, tabbatar da zargin yake yi. Duk yabon da aka yi masa zagi ne ga sauran. "Kai dai ka fita daban, ba ka yi kama da mutanenku ba." Duk wanda aka taɓa gaya wa wannan ya san yadda take: daɗi a kunne, ɗaci a maƙogwaro, domin sharaɗin karɓarka shi ne ka yarda uwarka da ƙannenka abin da ake faɗa ne. Kuma akwai ɗan son kai a ciki daga ɓangaren mai wasa. Yana son duniya ta ci gaba da ƙin jinsin, don kirkinsa ya ci gaba da walƙiya. In drow duka suka gyaru, shi kuma ya zama wa?

Shi ya sa na fi ganin girman abin da Bethesda, kamfanin da ke yin Elder Scrolls, ta yi a Morrowind na 2002. Can ba a ba ka al'umma baƙa ƙirin da kai kaɗai fari a ciki ba. An sauke ka daga jirgin fursunoni a ƙasar Dunmer, kuma ko Dunmer ka zaɓa, baƙo za su kira ka tunda ba a nan aka haife ka ba. Bauta halal ce a dokarsu, akwai kasuwar bayi da za ka shiga ka yi ciniki, akwai gandayen da ake noma da su. Akwai ƙungiyar makasa mai lasisi, wadda in ta kashe mutum takarda take nuna wa dogarai ta wuce. Amma a cikin Dunmer ɗin nan dai akwai masu ƙungiyar asiri ta 'yanta bayi. Akwai malaman addininsu da suka yi wa manyansu tawaye saboda an ɓoye gaskiyar tarihi. Akwai makiyayan toka da ke ganin mutanen birni duk sun saki hanya. Gidan Redoran na ji da mutunci, Hlaalu na ji da kasuwa, Telvanni na ganin wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya. Jama'a ce mai gardama da kanta, mai abin kunya da abin alfahari a tukunya ɗaya. Mai wasa ba ya tsere wa danginsa don ya zama nagari, ɓangare yake zaɓa a cikin rigimar gida. Laifin yana cikin doka da al'ada da son dukiya, abubuwan da hannu ya gina kuma hannu zai iya rushewa, ba cikin jini ba.

Masu Dungeons & Dragons sun daɗe suna lallaɓowa zuwa nan. Tun 1991 marubuci Ed Greenwood ya shigo da abar bauta Eilistraee, 'yar Lolth, wadda mabiyanta drow ne masu neman komawa doron ƙasa su zauna lafiya. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar da ta biyo bayan kisan baƙar fata George Floyd a Amurka, kamfanin Wizards of the Coast mai wasan ya fito ya amsa cewa yadda aka siffanta orc da drow ya yi kama da yadda aka riƙa ƙasƙanta wasu al'ummomi na gaske, ya ce zai gyara. A 2021 aka ce ashe mutanen Menzoberranzan reshe ɗaya ne, akwai wasu drow a ƙasar ƙanƙara da wasu a kurmi da ba su taɓa bin Lolth ba. Tsofaffin masu wasa da yawa suka yi ca, wai an zare wa maciji dafi. Ina ganin rabin gaskiyarsu. Cire mugunta daga jini daidai ne, an ma makara. Amma ƙirƙiro wasu garuruwa can nesa inda kowa salihi ne bai warware komai ba, elf mai tsabta ne aka sake shafa wa toka, kuma ban ga wanda ke ɗokin zama ɗan can ba. Menzoberranzan ce har gobe ke jan mutane. Abin da take buƙata masu gardama ne a cikinta, ba maƙwabta nagari ba.

Larian ta bi ta tsakiya a Baldur's Gate 3: wajen ƙera jarumi za ka zaɓi drow mai bin Lolth, mai jan ido, ko wanda ya bar ta. Sannan ta ajiye Minthara, kwamandar drow mai izza da kaifin harshe, wadda za ta iya zama abokiyar tafiyarka. Kuɗinta kuwa tsada: a yadda wasan ya fito, sai ka taya ta afka wa wani sansani da 'yan gudun hijira suka fake, har da yara a ciki, ka kuma rasa wasu abokan tafiyarka da ba za su iya kallon fuskarka ba bayan haka. Ga mugunta ta gaske an ɗora a faranti, ga lada. Mutane suna son Minthara, ba sa son kisan. Sai suka shiga neman ɓaraka a cikin wasan, har wasu suka gano cewa in ka mayar da ita tunkiya da sihiri kana iya jan ta zuwa kashi na biyu na labarin ba tare da ka taɓa kowa ba. Hotunan jarumai suna tafe da tunkiya a baya suka cika intanet. A ƙarshen Nuwamban 2023 Larian ta fitar da gyara na biyar, ta ce ya isa haka: a sumar da ita kawai a wurin faɗa, za a same ta da rai a gaba.